Yadda na haɗa eriyar sandar roba mai ɗauko wifi daga shago zuwa gida

Duk wanda na nuna wa eriyar nan tambayar da yake fara yi min ita ce wai ina ƙarfen yake, saboda mu dai abin da muka tashi muka sani eriya ƙarfe ce, ko irin ta talabijin mai haƙarƙari ko kwanon dish, to ita wannan farar sandar roba ce kawai ta leƙo daga bakin wani guntun fayif, babu ko silin waya a cikinta, amma ita ke ɗauko min wifi daga shagona zuwa gida, tazarar da ta kusa mita 800. Bari in zayyano yadda aikin ya tafi ko da wani zai so ya gwada.

Tun farko in faɗi gaskiya, in dai intanet ɗin kawai kake so ya iso gidanka ba ruwanka da yadda ya iso, je ka sayi eriyar kamfani da ake kira LiteBeam guda biyu ka ɗaura ka huta, sun fi abin da na haɗa ƙarfi kuma ba za ka sha ƙurar kasuwa ba. Ni abin da ya ja ni daban ne. Tun muna poli wani malaminmu ya taɓa mana zancen igiyar rediyo da take bin jikin abu tana tafiya ba tare da ta watse ba, darasi ɗaya ne aka wuce, ba a ma kawo shi a jarrabawa ba, amma abin ya tsaya min a rai. Wai a 1899 wani Bajamushe Sommerfeld ya nuna da lissafi cewa igiyar rediyo za ta iya bin jikin waya tilo, a 1907 Zenneck ya yi irin wannan lissafin a kan doron ƙasa, sannan a 1910 Hondros da Debye suka ce ai ko sandar da ba ta wuce da wutar lantarki ma za ta iya jan igiyar. Mu nan ma mun daɗe muna cin moriyar abin ba mu sani ba, Rediyon Kaduna da ake kamawa da rana tsaka a garuruwa masu nisa a matsakaicin zango, ai bin jikin ƙasa siginal ɗin yake yi har ya isa can.

Ga yadda na fahimci abin a kan sanda. Ka taɓa ganin mai zuba kananzir a kwalba mai ƙaramin baki ya sa tsinken tsintsiya, man ya bi jikin tsinken bai fantsama ba sai da ya kai ƙarshe ya sauka? To haka ne. Igiyar tana fitowa daga bakin fayif sai ta kama sandar, wani kaso yana tafiya a cikin robar wani kuma a iskar da ke kewaye da ita, kuma muddin sandar a miƙe take kaurinta bai canza da gaggawa ba, igiyar ba ta sakinta. Da kaurin ya fara raguwa sai igiyar ta riƙa fita waje tana buɗewa, kafin ta kai tsinin ta riga ta yi faɗi ta ninka kaurin sandar sau da yawa, daga nan sai ta saki ta wuce gaba a miƙe. Wannan faɗin da ta yi shi ke sa siginal ya tattaru ya nufi wuri ɗaya. Kwanon dish girman ƙarfensa ne ke ba shi wannan faɗin, ita kuma sanda a iska take samun nata.

Sirrin duk yana wajen gudu. A cikin roba igiyar ba ta kai gudunta na iska ba, a teflon, wato farar robar da na yi sandar da ita, wajen kashi 69 cikin 100 take yi, to tunda rabi tana ciki rabi tana waje sai gudunta ya faɗa tsakanin biyun, kuma kaurin sanda shi ke yanke hukunci. In sandar ta yi kauri da yawa igiyar ta maƙale ciki ta yi nauyin tafiya, in ta sirance da yawa ba za ta ma kama ta ba. Sannan ba duka siginal ne ke hawa sandar ba, akwai wanda ke fita kai tsaye daga bakin fayif ya bi iska, shi da wanda ya bi sanda za su haɗu a can gaba, to so ake su haɗu suna ƙara wa juna ƙarfi ba suna kashe juna ba. Hansen da Woodyard tun 1938 suka kawo ƙa'idar cewa a doguwar eriya mai harbi ta tsini, igiyar ta makara da wajen digiri 180 a kan wadda ta bi iska, wato rabin zango, zango kuwa shi ne tsawon kaɗawa ɗaya ta igiyar. Daga baya masu aune-aune suka ga cewa in tsawon eriyar yana tsakanin zango 4 zuwa 8, wajen digiri 120 ya fi ba da ƙarfi. Da wannan na biyun na yi aiki.

A cikin zangunan da wifi ke aiki a kai, na zaɓi 5.8 GHz ne ba 2.4 ba saboda aljihu. Tsawon zango a 5.8 santimita 5.17 ne, a 2.4 kuwa 12.5, komai sai ya ninka fiye da biyu, kauri da tsawo duka, kuɗin robar kuma ya haura sau goma tunda da nauyi ake saye. Na ɗauki tsawon zango 6, wato santimita 31 a wajen fayif. Da wannan tsawon ana son igiyar ta rage gudu da wajen kashi 5 cikin 100 kacal, ka ji fa, duk wahalar nan a kan kashi 5 ake yinta. Akwai tsohon lissafin kauri da ake amfani da shi, na zuba lambar da ke nuna yadda teflon ke rage wa igiya gudu wato 2.1 sai ya ba ni santimita 2.8 a gindi da 1.8 a wajen tsini. A takarda ƙarfin zai kai 17 dBi da ɗoriya (dBi shi ne ma'aunin ƙarfin eriya), faɗin harbin kuma wajen digiri 22, amma na san takarda ce, na sa a raina in na samu 15 ma na gode Allah.

Sai sayen sanda, kuma nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido. A wajen masu sayar da kayan injinan kamfani duk farar sandar roba teflon ake ce mata, ko nailan ce ko me, ba wai lallai cuta ba ce, su a wajensu duk bushin ake yi da su. Amma a aikinmu bambancin babba ne, nailan yana shan damshi yana kuma cinye siginal ya mayar da shi zafi. Hanyar ganewa a hannu take. Teflon na gaske nauyi gare shi na ban mamaki, giram 2.2 a kowane ɗan ɓalli mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, nailan kuwa wajen rabin haka ne, kuma teflon santsi gare shi in ka shafa, farce ma yana ɗan shiga jikinsa. Na ɗaga guda biyu masu girma ɗaya a hannu biyu nan take na gane wanda nake nema. Na sa aka yanko min rabin mita mai kaurin milimita 40, kusan kilo ɗaya da rabi, kuɗin sai da na ɗan yi shiru kafin in miƙa. Da na dawo na yanki ɗan ɓalli na sa a maikirowef na wani maƙwabcina tare da kofin ruwa na minti ɗaya, ruwan ya yi zafi robar kuwa ko ɗumi ba ta yi ba, alamar ba ta shan siginal ke nan. Baƙar roba kam kar ma ka kalle ta, yawanci da garin gawayi ake rina ta.

Daga nan sai Panteka wajen masu injin tana. Wani dattijo na samu, na shimfiɗa masa zanen a kan benci, ya daɗe yana kallo ta saman gilashi.

Ya ce, ɗana wannan wane ɓangaren inji ne, ni dai ban taɓa ganin shaf ɗin roba mai tsini biyu ba.

Na ce Baba eriya ce.

Ya ce eriya? Ta ina wutar za ta bi?

Na ce ai ba wuta ce za ta bi ba, siginal ne zai bi ta jikinta ta waje.

Ya yi dariya ya ce to Injiniya, ni nawa awo ne, in ta kama BBC ka zo ka ba ni labari.

Amma fa ya san aikinsa. Shi ya fara ce min wannan robar ba ta son a matsa mata, in ka danna wuƙar sai ta lanƙwashe ta gudu ta dawo, in ta yi zafi kuma ta kumbura ka auna ka ga daidai, ta huce ka ga ta ragu. Sai ya tokare ƙarshenta da tsinin injin, ya wasa wuƙa sosai, ya riƙa ferewa kaɗan kaɗan yana tsayawa yana barinta ta huce kafin ya sa ma'auni. Ɓawon yana fita dogo fari ba ya tsinkewa, yaron shagon yana ja yana naɗewa a hannu kar ya nannaɗe injin. Siffar da muka fitar ita ce, tsini mai tsawon santimita 8 wanda zai shige cikin fayif don igiyar ta shiga robar a hankali ba ta yi karo ta koma baya ba, sai wani ɗan wuri mai kaurin 3.8 da zai toshe bakin fayif cif, daga nan kaurin ya sauko da sauri zuwa 2.8 a cikin santimita 6 na farko, sannan ya ci gaba da sirancewa sannu a hankali har 1.8, santimita 3 na ƙarshe kuma aka fiƙe su. Wannan fiƙewar ta ƙarshe ba ado ba ce, in ka bar bakin a yanke wani kaso na igiyar zai dawo baya ya ɓata maka harbi. Da aka gama sai na ga yawancin kuɗina a ƙasa ya zama ɓawo.

Fayif ɗin kuma alminiyam ne mai faɗin ciki santimita 3.8, shi ma ba da ka aka zaɓe shi ba. A 5.8 GHz in faɗin cikin ya gaza santimita 3 igiyar ba za ta wuce ba sam, in ya kusa 4 kuma wata irin igiyar ta daban za ta fara samun hanya ta dagula lissafi, don haka ƙaramin gwangwanin tumatir da wasu suka ba ni shawara ya yi faɗi. A cikin wannan fayif zangon yana miƙewa ya kai wajen santimita 8.6, kwatansa 2.1 ke nan, to a nan ake huda rami daga murfin baya a ɗaura kanekta, a liƙa masa ɗan guntun wayar tagulla mai tsawon santimita 1.3 da dalma, ta tsaya a tsaye a cikin fayif. Wannan ɗan tsinken shi kaɗai ne abin da mutum zai kalla ya ce ga eriya. Murfin bayan Baba ne ya ba da shawarar kar a kashe shi da walda, ya fere min toshi na alminiyam mai shiga yana fita da ɗan noti a gefe, don in riƙa matsar da shi har in samu inda ya fi. Wallahi wannan shawarar ta fi rabin abin da na karanta amfani, domin NanoVNA ɗina, wato na'urar auna eriya, ba ya kaiwa 5.8, ba ni da abin auna komai sai lambar siginal da rautar ke nunawa.

Kebul kuma a yi hattara. RG58 da ke ko'ina a kasuwa yana cin sama da 1 dB na ƙarfin siginal a kowace mita a wannan zangon, ka ja mita 8 ka zubar da duk abin da sandar ta tara maka. Ni rautar na sa a cikin robar abinci mai murfi na ɗaure ta a bayan eriyar, kebul ɗin bai fi taƙi ɗaya ba, sai na sauko da wayar netwok da wuta zuwa ɗaki.

Gwajin farko a filin ƙwallon unguwa muka yi da yamma ni da ƙanina. Shi ya tsaya can bakin raga da rauta ɗaya a kan kujera da batir, ni ina wannan ragar da laftof. Na fara da fayif zalla babu sanda, na nufe shi, na matsar da toshin baya gaba da baya har lambar ta tsaya inda ta fi kyau na ɗaure notin. Sai na ɗauko sandar na zura. Lambar ta tashi da wajen 7 zuwa 8 dB nan take, wato ƙarfin ya ninka sau biyar ko shida, daga zura roba kawai. Na zare ta koma, na mayar ta dawo. Yaran da ke kallo ɗaya ya ce wai akwai batir a cikin robar.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne na hannu. Na kawo tafina kusa da tsakiyar sandar ban taɓa ta ba, da saura kamar yatsa biyu, sai lambar ta fara sauka. Na matsa wajen tsini inda ta fi siranta, a can tun hannuna yana nesa fiye da haka ta fara faɗuwa. Na koma gindi wajen kauri, sai da na kusa dafa ta sannan ta motsa. Ka ga abin da malamin nan ya zana a allo ke nan, a gindi igiyar tana manne da roba, tana zuwa tsini ta buɗe ta koma iska, ga shi ina lalubarsa da hannuna a filin ƙwallo. Na daɗe ina yi har ƙanina ya kira ni a waya ya ce Yaya wai lafiya, sauro fa ya fara cina.

Sai na gwada juyawa. Na ɗora ta a kan kwali da na zana digiri, ina karkatar da ita kaɗan kaɗan. Wajen digiri 12 zuwa kowane gefe siginal ya ragu da 3 dB, wanda bai yi nisa da lissafi ba, in ka ƙara gaba ya faɗi sosai, sai kuma ya ɗan taso a can gefe kafin ya mutu. Wannan ɗan tasowar ta gefe halin eriyar sanda ne, in ka matsa mata ta ba da ƙarfi iya iyawarta sai kunnuwan gefe su girma, in kana son su kwanta sai ka tsawaita sirancewar ka haƙura da ɗan ƙarfi. Ni ba wanda nake gudun damu a gefe don haka na bar ta. Abu ɗaya da ba a wasa da shi, tsinken cikin fayif ya tsaya yadda eriyar ɗaya ɓangaren ta tsaya, da na kwantar da shi don gwaji siginal ya kusa ɓacewa.

Wani zai ce to me zai hana ka yi ta mita ɗaya ka samu ƙarfi sosai. Matsalar ita ce in ka ninka tsawo biyu 3 dB kawai za ka ƙara, wani lokacin ma ba ya cika, shi kuwa dish in ka ninka faɗinsa 6 dB yake ba ka. Shi ya sa da wuya ka ga sanda ɗaya ta wuce 20 dBi, masu son fiye da haka jera su suke yi. A yaƙin duniya na biyu injiniyoyin Bell Labs a Amurka sun yi wa jiragen ruwan yaƙi wata rada mai suna Mark 8 da sanduna 42 na folistirin a jere, layi 3 kowanne da 14, a 1947 Mueller da Tyrrell suka wallafa bayanin irin wannan eriyar. Kuma ita kanta eriyar talabijin mai haƙarƙari da Uda da Yagi suka fito da ita a Japan a 1926 'yar gida ɗaya ce da sandar nan, waɗannan ƙarafan da ke jere a gaba ba a haɗe suke da waya ba, aikinsu rage wa igiyar gudu ne kamar yadda robata take yi, a 1959 Ehrenspeck da Poehler suka nuna cewa in ka daidaita gudun to ka samu iyakar ƙarfinta. Tun da na gane haka na daina yi wa eriyoyin saman rufin mutane kallon banza.

Ɗaurawa ta zo da nata. Teflon yana da wani hali, in ka bar shi a kwance ba tallafi a rana sannu a hankali zai sunkuya, kuma sanda in ta lanƙwashe igiyar tana zubewa a gwiwar. Ba kuma za ka tallafe ta da ƙarfe ko katako ba tunda siginal ɗin a jikinta yake ta waje. Sai na samo fayif ɗin PVC mai inci 4 marar kauri na zura ta ciki, na yanka farin soson nan da ake samu a kwalin firij na yi zobba biyu suka riƙe ta a tsakiya, shi soson kusan duk iska ne igiyar ba ta ma san yana nan ba. Na rufe gaba da siririyar leda mai ƙarfi, na huda ƙananan ramuka a ƙasa don gumi ya fita. Fayif ɗin ya ɗan ci wani abu kamar 1 dB, na yafe masa.

Tsakanin shago da gida akwai wata bishiyar mangwaro kusan a tsakiya. Ganin juna da ido kawai bai isa ba, a tazarar mita 800 a wannan zangon ana son fili na wajen mita 3 kewaye da layin a tsakiyar hanya, ko a ƙalla kashi 60 cikin 100 na hakan, ganye mai ruwa kuwa yana shan 5.8 sosai. Sai da na ƙara wa fol ɗin gida tsawo da fayif ɗin ruwa guda na ɗaure da waya ta kusurwa uku. Saitin ma da wahala, digiri 22 a ƙasa kamar da yawa, amma kana saman tsani iska na kaɗa ka ƙaninka na karanto maka lamba daga ƙasa sai ka ga ashe siriri ne.

Yanzu dai tana aiki, ana kallon YouTube a gida ana kiran bidiyo ba ya yankewa. In ana ruwa mai ƙarfi siginal yana sauka da 'yan dB har sai fayif ɗin ya bushe, saboda ruwan da ke kwanciya a jikinsa yana shiga hurumin igiyar, ƙurar hunturu kuwa ban ga ta yi mata komai ba.

Wani ɗan'uwanmu a ƙauye ya ce in yi masa irinta ta kamo masa 4G, na zauna na buga lissafin a 1800 MHz, zangon santimita 16.7 ne, sandar za ta kai kaurin santimita 9 a gindi da tsawon mita guda, ɗanyen teflon ɗin da za a fere ta daga ciki ya haura kilo 15. Na ce masa a'a. Nashi da faifan alminiyam zan yi, a yanka su zagaye a jera a jikin dogon ƙarfe mai zare da noti tsakaninsu, su ma rage gudun suke yi igiyar ta bi jikinsu, kuma in tazarar ba ta yi ba sai dai ka kwance noti ka matsar. Na riga na kai wa Baba awon faifan, ya ce in dawo bayan sallar Juma'a.